Yadda Sikirif Ke Gudanar Da Umarnin Root Ba Tare Da An Ajiye Kalmar Sirri Ba

A kwamfutocin da ke aiki da Linux da macOS da sauran dangin Unix, akwai asusu guda ɗaya da kusan ba a hana shi komai. Sunansa root, lambarsa kuma sifili. Shi ne ke iya karanta fayil ɗin kowa, ya girka manhaja ko ya cire ta, ya buɗe wa wani asusu, ya kashe na'urar, ko ya share faifan ajiyar kakaf. Sauran asusun kowa da iyakarsa: mutum yana da iko a kan nasa fayilolin, amma ba ya taɓa na tsarin. Wannan rabon iko ya samo asali ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu suka fara ginawa a ɗakunan binciken Bell a 1969, lokacin da mutane da yawa ke raba kwamfuta ɗaya, dole kuwa a yi wa kowa shinge.

Da yake zama a asusun root kullum kasada ce, domin kuskuren harafi ɗaya na iya rusa na'urar, sai aka samar da hanyar aron ikonsa na ɗan lokaci. Wadda ta fi shahara ita ce manhajar sudo. Bob Coggeshall da Cliff Spencer ne suka rubuta ta wajajen 1980 a Jami'ar Jihar New York da ke Buffalo, kuma tun 1994 Todd Miller ke kula da ita. Aikinta a sauƙaƙe yake. Mutum ya rubuta sudo a gaban umarninsa, manhajar ta duba ko an ba shi izini, ta nemi ya shigar da kalmar sirrinsa ta kansa, ba ta root ba, sannan ta gudanar da umarnin da ikon root. Bayan haka takan riƙe shaidar na ɗan lokaci, minti 5 bisa tsarin asali, minti 15 a Linux na Ubuntu, don kada a dinga tambayarsa a kowane layi.

Duk wannan ya ginu ne a kan cewa akwai mutum zaune a gaban allo. Matsalar na tasowa idan aka zo ga sikirif, wato fayil ɗin da ake jera umarni a cikinsa don kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya da kanta. A ɗauki sabar da ke ɗauke da shafin intanet na wata makaranta ko wani kamfani. Ana son kullum da ƙarfe biyun dare a kwafe rumbun bayanai zuwa wani faifan, sannan a sake tayar da manhajar nginx da ke fito da shafin. Sake tayar da nginx aikin root ne. Sikirif ɗin zai iso wannan layi, sudo ta nemi kalmar sirri, babu mai amsawa. Idan cron ce ta tayar da shi, wato manhajar da ke gudanar da ayyuka bisa agogo, ko tagar da za a rubuta kalmar ma babu, sai sudo ta yi ƙorafi ta fita, aikin ya watse. Da safe mai kula da sabar ya tarar ba a yi komai ba.

Abin da ya fi saurin zuwa wa mutum a rai shi ne ya rubuta kalmar sirrin a cikin sikirif ɗin. Sudo tana da zaɓin -S da ke sa ta karɓi kalmar daga wata manhaja maimakon daga madannai, shi ya sa ake yawan ganin layi irin wannan:

echo "kalmarsirri" | sudo -S systemctl restart nginx

Layin yana aiki, kuma wannan ne abin da ya sa yake da haɗari, domin wanda ya rubuta shi ba zai ƙara waiwayarsa ba. Kalmar da ke ciki ba ta sake tayar da nginx kaɗai ba ce; ita ce mabuɗin asusun mutumin gaba ɗaya, kuma idan shi mai cikakken izinin sudo ne, ta zama mabuɗin na'urar baki ɗaya. Fayil kuma ba ya zama wuri ɗaya. Yana shiga cikin kwafin ajiya. Yana shiga ma'ajiyar git ta lambobin manhaja, inda ko an goge layin daga baya tarihin sauye-sauye na riƙe da shi. Ana tura shi ga abokin aiki ta imel ko WhatsApp don ya duba wani kuskure. Idan an gwada layin a tagar umarni kafin a saka shi a fayil, ya riga ya zauna a fayil ɗin tarihin umarni na bash, manhajar da ke karɓar umarnin. Wasu manhajojin, irin su sshpass da zaɓinta na -p, suna karɓar kalmar a layin umarnin kansa, inda wani mai asusu a na'urar zai iya hango ta a jerin ayyukan da ke gudana. Ga kuma wata matsala ta yau da gobe: ranar da aka sauya kalmar, duk sikirif ɗin da ke ɗauke da ita sun mutu, saboda haka sai a daina sauya ta, ta yi shekaru yadda take.

Wasu kan yi dabarar ɓoye kalmar. Mai sauƙin ciki ita ce mayar da ita rubutun base64, wanda ba ɓoyewa ba ce ko kaɗan, umarni ɗaya ke maido da ita. Mai ɗan zurfi ita ce a kulle ta da lissafin sirri na gaske. Amma sikirif ɗin dole ya buɗe ta da ƙarfe biyun dare ba tare da kowa ba, ke nan mabuɗin yana wurin da sikirif ɗin zai kai hannu, duk wanda ya kai ga sikirif ɗin kuwa ya kai ga mabuɗin. An gudu ba a tsira ba. Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami. Microsoft ta taɓa ba masu kula da cibiyoyin Windows damar rarraba kalmomin sirri ta fayilolin manufofin rukuni, a kulle da AES, amma mabuɗin guda ɗaya ne a duk duniya kuma yana rubuce a takardun bayanin kamfanin, saboda haka duk mai asusu a cibiyar na iya buɗe su. Sai a watan Mayun 2014 aka rufe wannan hanya. A 2016 ɓarayin intanet sun tsinci mabuɗan shiga sabobin kamfanin Uber a cikin ma'ajiyar lambobin manhajar kamfanin da ke GitHub, suka kwashe bayanan mutane miliyan 57. A 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 148 ga jihohin Amurka. A watan Satumban 2022 aka sake kutsa masa, kuma bisa bayanin da maharin ya bayar, ya samu wani sikirif na PowerShell ne a foldar da ma'aikata ke rabawa, da sunan mai gudanarwa da kalmar sirrinsa a rubuce a ciki.

Saboda haka tambayar ina za a ɓoye kalmar tun farko ba ita ce tambayar ba. Kalmar sirri hanya ce da ɗan'adam ke tabbatar wa na'ura cewa shi ne. Sikirif ba ya buƙatar wannan, domin na'urar ta riga ta san asusun da ke gudanar da shi. Abin da ya rage shi ne root ya rubuta tun da wuri cewa wannan asusu yana da izinin yin wannan aiki, shi kaɗai, ba tare da an tambaye shi komai ba. Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun fayyace ƙa'idar a wata maƙala ta 1975: kowace manhaja da kowane mai amfani a ba shi mafi ƙarancin ikon da zai ishe shi aikinsa. Ɗan kasuwar da ke da yaron shago ya san wannan ba tare da ya karanta maƙalar ba. Yakan ba yaron makullin ƙofar rumfa, amma makullin akwatin kuɗi na aljihunsa.

Kafin a kai ga sudo ma, yana da kyau a duba ko ana buƙatarta. Aikin da agogo ke tayarwa, wanda babu hannun kowa a ciki, wurinsa shi ne jadawalin cron na root ko agogon systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan tsarin. Can sikirif ɗin zai tashi da ikon root kai tsaye, babu sudo, babu kalmar sirri, babu wani asusu da aka ƙara wa iko. Sau da yawa kuma ikon root ɗin ma ba a buƙatarsa. Idan abin da ake so shi ne rubutu a wata folda, ya isa a kafa rukuni, a ba rukunin foldar, a saka asusun a ciki. Idan manhaja na son sauraro a ƙofar sadarwa ta 80 ko ta 443, waɗanda ke cikin ƙofofin ƙasa da 1024 da aka keɓe wa root, Linux tun sigar 2.2 ta 1999 ya yanyanka ikon root gunduwa-gunduwa, ana iya ba manhajar gunduwar CAP_NET_BIND_SERVICE kaɗai. Sai dai a yi hattara da wasu rukunonin. Wanda aka saka a rukunin docker, manhajar da ke gudanar da ayyuka a keɓaɓɓun kwantena, a aikace an ba shi root ne, domin zai iya ɗora dukan faifan na'urar a cikin kwantena ya yi yadda ya ga dama da shi.

Inda sudo ta dace shi ne inda wani asusu na daban ne zai nemi aikin, kamar asusun da ke tura sabuwar sigar manhaja, ko na sa ido a kan lafiyar sabar. Dokokin sudo suna fayil ɗin /etc/sudoers da foldar /etc/sudoers.d, kuma dokar da ake buƙata layi ɗaya ce:

ajiya ALL=(root) NOPASSWD: /usr/bin/systemctl restart nginx.service

Kalmar farko sunan asusun ne, a nan ajiya, wanda ya kamata a buɗe shi don wannan aiki kawai, ba asusun wani mutum ba, a kuma kulle shi yadda ba a shiga da kalmar sirri. ALL na nufin dokar na aiki a kowace na'urar da fayil ɗin yake. Abin da ke cikin baka shi ne asusun da za a ari ikonsa. Ba lallai ya zama root ba, idan aikin na rumbun bayanai ne ana iya rubuta postgres. NOPASSWD shi ne ke ɗauke tambayar kalmar sirri. Sai umarnin, da cikakken adireshinsa tun daga tushe, da kalmomin da ke biye da shi. Idan asusun ajiya ya nemi stop a maimakon restart, ko ya ambaci wata manhajar da ba nginx ba, dokar ba ta shafe shi ba. A nan akwai wata ƙa'ida da ke ruɗa sababbin shiga: idan aka rubuta sunan umarni kawai ba tare da komai a bayansa ba, sudo na ɗauka an yarda da duk abin da za a biyo shi da shi. Wanda ke son a gudanar da umarnin tsurarsa sai ya rubuta alamar zance biyu babu komai a tsakaninsu bayan sunan.

Ba a buɗe waɗannan fayiloli da editan rubutu kai tsaye. Ana amfani da visudo, wadda ke duba nahawun fayil ɗin kafin ta ajiye, domin kuskure a sudoers na iya hana sudo aiki, a na'urar da aka kulle asusun root kuwa, kamar yadda Ubuntu ke yi tun fitowarta a 2004, mutum ya rufe kansa a waje ke nan. Masu gogewa kan bar wata tagar root a buɗe har sai sun gwada sabuwar dokar. An fi so kowane aiki ya samu fayil ɗinsa, misali visudo -f /etc/sudoers.d/ajiya, mallakar root, da izinin 0440. Abubuwa biyu ƙanana kan cinye wa mutum yini guda a nan. Na farko, sudo na tsallake duk fayil ɗin da sunansa ke ɗauke da ɗigo a wannan folda, saboda haka ajiya.conf ba zai taɓa aiki ba, kuma ba za a ce masa uffan ba. Na biyu, idan dokoki biyu suka dace da umarni ɗaya, ta ƙarshe ce ke cin nasara. Dokar NOPASSWD da aka rubuta a sama, wata dokar rukuni da ke ƙasa na iya shafe ta. Umarnin sudo -l -U ajiya na nuna abin da sudo ta fahimta a zahiri. A cikin sikirif ɗin kuma ana rubuta sudo -n, wanda ke sa ta fita nan take da saƙon kuskure idan har ta ga za ta tambayi kalma, maimakon ta tsaya jiran wanda ba zai zo ba.

Akwai gajeriyar hanya da ake yawan bi idan dokar ta ƙi aiki da dare ya yi: a rubuta NOPASSWD: ALL. Ma'anarsa asusun ya zama root ba tare da ko tambaya ba. Idan asusun da aka yi wa haka shi ne www-data, wanda shafin intanet ke gudana da shi, to duk wani ɓaraka a shafin ya zama ɓaraka a na'urar gaba ɗaya. An ba kura ajiyar nama. Wannan kuskuren dai a fili yake. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne dokar da ke kama da ƙunƙuntacciya alhali a buɗe take.

Manhajojin Unix da yawa suna iya tayar da wata manhajar daga cikinsu. Wanda aka ba izinin buɗe fayil da vi a matsayin root, yana buga :!sh ya samu tagar umarni ta root. Haka less da more, waɗanda ake ɗauka na karatu ne kawai, suna da alamar motsin rai da ke yin wannan aiki. Umarnin find yana da -exec, awk yana da system, tar yana da --checkpoint-action, python da perl kuwa ba sai an faɗa ba. Ko systemctl status, a tsofaffin sigogin systemd, yakan miƙa sakamakonsa ga less da ikon root, daga nan sai a fice. Manhajar da ba ta tayar da komai ma na iya isa: wanda ke da cp ko tee ko chmod ba tare da iyaka ba zai iya sake rubuta /etc/sudoers ɗin kansa. Akwai wani kundi a intanet mai suna GTFOBins da ya tattara irin waɗannan hanyoyi manhaja bayan manhaja, masu kutse na duba shi, ya kamata mai rubuta doka ma ya duba kafin ya rubuta. Sudo na da alamar NOEXEC da ke hana umarni tayar da wani, da kuma sudoedit da ke ba mutum kwafin fayil ya gyara da ikonsa na kansa sannan a mayar, amma NOEXEC ba ta kama kowace irin manhaja, ita ma sudoedit an gano mata rauni a farkon 2023 da aka toshe a siga ta 1.9.12p2.

Alamar tauraro ma tarko ce. Littafin bayanin sudoers da kansa ya kawo misalin dokar da ta ba da izinin cat a kan /var/log/messages da tauraro a ƙarshe, da nufin a iya karanta tsofaffin rajistocin da sunansu ya fara haka. Amma a wurin sudo tauraron na haɗiye har da tazara, saboda haka mutum zai rubuta /var/log/messages, ya bar tazara, ya ƙara /etc/shadow, fayil ɗin da ke riƙe da kalmomin sirrin kowa a murɗe, dokar kuma ta amince. Tun siga ta 1.9.10 ana iya rubuta ƙa'idar daidaita rubutu mai tsauri a maimakon tauraro, amma mafi aminci shi ne kada a bar wa mai kira zaɓin rubuta komai.

Wannan ne ya sa masu sana'ar suka fi son a tattara aikin a ƙaramin sikirif guda, a ajiye shi a /usr/local/sbin, a ba da izinin wannan fayil kaɗai a sudoers. Duk ikon ya koma cikin layuka goma ko ashirin da mutum zai iya karantawa ya fahimta. Sharaɗin da ba a sassauta shi shi ne fayil ɗin ya zama mallakar root kuma asusun ajiya ba ya iya rubutu a cikinsa. Idan yana iyawa, sai kawai ya goge abin da ke ciki ya rubuta nasa, sudo ta gudanar masa da ikon root. Haka foldar da fayil ɗin ke ciki da duk foldojin da ke samanta, domin mai ikon rubutu a folda na iya ture fayil ɗin root gefe ya ajiye nasa da suna iri ɗaya. Sikirif ɗin da ke zaune a foldar gida ta mai amfani bai cancanci shiga sudoers ba ko da root ne mai shi. Haka kuma duk fayil ɗin da yake jawowa, na saituna ko na wasu umarnin, hukuncinsu ɗaya. Ana iya ƙara tsaro da rubuta zanen yatsan fayil ɗin na sha256 a cikin dokar, yadda ko harafi ɗaya aka sauya sudo za ta ƙi shi.

A cikin sikirif ɗin, kowane umarni a kira shi da cikakken adireshi, ko a kafa PATH, wato jerin foldojin da ake neman umarni a cikinsu, a layukan farko. Dalili shi ne idan aka rubuta tar kawai, na'urar za ta bi jerin foldoji tana nema, wanda ya iya saka tasa foldar a gaba kuwa ya saka tasa manhajar mai suna tar. Saitunan env_reset da secure_path na sudo suna maganin wannan, kada a kashe su don a huta da wani ƙorafi. Idan dole sikirif ɗin ya karɓi wani abu daga mai kira, a gwada shi da gajeren jerin abubuwan da aka yarda da su, nginx ko postgresql misali, duk abin da ba ya ciki a ƙi shi. Sunayen fayiloli ma shigarwa ce daga waje. Sikirif ɗin root da ke shiga foldar da kowa ke rubutu ya gudanar da tar da tauraro, wani na iya ajiye fayil a can mai suna da ya fara da karan ɗori biyu, tar ta ɗauke shi a matsayin zaɓi, ta gudanar da abin da sunan ya ce. Rubuta ./ a gaban tauraron na kashe wannan dabara.

Mai karatun da ya san Unix zai iya tuna alamar setuid, wadda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro har aka ba shi takardar mallakar fasaha a 1979. Ita ce ke sa manhaja ta gudana da ikon mai ita ba na mai kiranta ba, kuma da ita passwd da sudo kanta suke aiki. Ba ta da amfani a nan, domin Linux na yin biris da ita a kan sikirif da gangan: tsakanin lokacin da tsarin ya duba fayil ɗin da lokacin da bash ya buɗe shi akwai 'yar tazarar da za a iya musanya shi.

Idan aikin a wata na'urar yake, SSH, manhajar shiga na'ura daga nesa, ita ce hanya, kuma maimakon kalmar sirri ana amfani da mabuɗai biyu, na sirri a na'urar da ke kira, na fili a wadda ake kira. A nan gaskiya ita ce akwai sirrin da aka ajiye, tunda mabuɗin da sikirif zai yi amfani da shi ba a kulle shi da wata kalma. Bambancin shi ne ana iya ɗaure shi. A fayil ɗin authorized_keys na na'urar da ake kira, ana rubuta sharuɗɗa a gaban mabuɗin:

restrict,from="192.0.2.10",command="/usr/local/sbin/kwafi" ssh-ed25519 AAAA...

Da wannan, mabuɗin ba ya aiki sai daga wannan adireshi, kuma ko me mai kira ya nema, umarnin kwafi kaɗai za a gudanar. Kalmar restrict, da ta shigo a OpenSSH 7.2 a 2016, na rufe tagar umarni da tura hanyoyin sadarwa da sauransu a lokaci guda. Idan mabuɗin ya ɓata, goge layi ɗaya ya wadatar, ba sai an sauya kalmar sirrin kowa ba. Inda sirri ya zama dole, kamar kalmar shiga rumbun bayanai, a raba shi da sikirif: a saka shi a fayil na daban mai izinin 600 wanda ba ya shiga git, ko a bar systemd ta miƙa shi ga aikin lokacin tashi, ko a karɓo shi daga ma'ajiyar sirri irin Vault da ke ba da shaidar da ke mutuwa bayan ɗan lokaci.

Sudo na rubuta duk umarnin da aka gudanar ta hannunta, da wanda ya nema, da lokaci, da foldar da yake. A Debian da Ubuntu ana samun wannan a /var/log/auth.log ko a rajistar systemd, a dangin Red Hat kuma /var/log/secure. Asusun da aka keɓe wa aiki ɗaya ya sa rajistar ta yi ma'ana: idan aka ga ajiya ya nemi wani umarni da tsakar rana an ƙi shi, an san akwai wanda ke lalube. Tunda wanda ya samu root na iya goge rajistar, ana tura kwafinta wata na'urar.

Ita kanta sudo manhaja ce babba mai gudana da ikon root, tana da nata kurakuran. A watan Janairun 2021 kamfanin Qualys ya bayyana raunin da aka yi wa laƙabi da Baron Samedit, wanda ke ba kowane mai asusu a na'ura damar zama root ko da sunansa ba ya sudoers. Tun Yulin 2011 yake cikin manhajar, sai a siga ta 1.9.5p2 aka toshe shi. Bayan shekara guda kamfanin ya sake gano makamancinsa a pkexec na polkit, wata manhajar aron iko, wanda ya kwana tun 2009. Irin wannan ne ya sa ake ta neman madadi. Ted Unangst ya rubuta doas, ƙarama mai sauƙin dokoki, ta fito a OpenBSD 5.8 a 2015. Systemd ta kawo run0 a siga ta 256 a 2024, wadda ba ta dogara da setuid ba. An kuma sake rubuta sudo da harshen Rust da sunan sudo-rs, Ubuntu 25.10 ta ɗauke ta a matsayin ta asali. Kowacce aka zaɓa, tambayoyin wane asusu, wane umarni, wa ke iya sauya fayil ɗin suna nan yadda suke.

A Windows sunayen ne suka bambanta. Tun Vista ake da tagar neman amincewa da ke fitowa kafin aikin mai gudanarwa, sikirif kuma ba ya iya danna ta. Dabarar runas da zaɓin /savecred na ajiye kalmar mai gudanarwa, daga nan duk wanda ke wannan asusun zai iya gudanar da kowace manhaja da ita, ba wadda aka nufa kaɗai ba. Hanyar da ta dace ita ce a yi rajistar aikin a manhajar tsara ayyuka ya gudana da asusun SYSTEM, wanda ba shi da kalmar da za a ajiye. A cibiyoyin da ke da Active Directory akwai asusun hidima na gMSA, da suka zo da Windows Server 2012, waɗanda tsarin ke ƙirƙira musu doguwar kalma yana kuma sauya ta duk kwana 30 ba tare da wani mutum ya gan ta ba. Tsarin JEA na PowerShell shi ne ya fi kama da sudoers: ana jera umarnin da aka yarda wani rukuni ya gudanar, har da ƙimomin da zai iya ba su, sai a gudanar da su da wani asusun wucin gadi mai iko da ke ɓacewa da zarar an rufe zaman. Fayil ɗin sikirif da aikin SYSTEM ke kira shi ma dole ya zauna a foldar da masu gudanarwa kaɗai ke rubutu, kamar Program Files, ba a kan tebur ko foldar saukar da fayiloli ta wani ma'aikaci ba.